Shin Ko Kun San? Jaruman Marvel a Ma'aunin Garin Yuraniyom

Musu kan fina-finan Marvel masu dogon zango ba ya ƙarewa. Daga fadar shayi ta samarin Arlit har shagunan tura fina-finai na Kano, kowa da gwaninsa, kowa da jerinsa. Mu ma yau za mu yi namu jerin, amma da ma'aunin mutanen da suka san yuraniyom ido da ido. Tambayarmu ga kowane fim ɗaya ce: wannan ƙarfi da jarumi ke taƙama da shi, wa ya biya kuɗinsa, kuma fim ɗin ya yarda ya nuna mana mai biyan?

Tsatson jaruman

Shin ko kun san cewa manyan jaruman Marvel 'ya'yan zamanin tsoron bam ne? Cikin shekaru huɗu kacal, daga 1961 zuwa 1964, lokacin da Amurka da Tarayyar Sobiyet ke rige-rigen tara makaman nukiliya, Stan Lee da abokan aikinsa masu zane suka fito da su ɗaya bayan ɗaya a mujallun zane. Fantastic Four tiririn sararin samaniya ne ya sauya su a 1961. Hulk bam ya tashi da shi a 1962. Spider-Man gizo-gizo mai ɗauke da tiririn nukiliya ya cije shi a wannan shekarar. X-Men na 1963 ana yi musu kirari da 'ya'yan nukiliya. Daredevil kuwa, a 1964, wani sinadari mai tiriri ya faɗo daga babbar mota ya makanta shi.

Shin ko kun san cewa mujallar Hulk ta farko tana ɗauke da kwanan watan Mayun 1962, kuma a ranar 1 ga wannan wata aka yi hatsarin nukiliya na gaske a cikin Sahara? A In Ekker, arewa da Tamanrasset ta Aljeriya, garin da hanyar Arlit ke kaiwa idan an bi ta Assamaka, Faransa ta tayar da bam a cikin dutse, gwajin da ta laƙaba wa suna Béryl. Ramin bai riƙe ba, gajimaren ƙura mai guba ya fito ya lulluɓe sojoji da manyan baƙi, har da ministoci biyu, Pierre Messmer da Gaston Palewski. Babu wanda ya koma ƙaton kore a cikinsu. Palewski dai sankarar jini ce ta yi ajalinsa a 1984.

Shin ko kun san cewa gwaji 17 Faransa ta yi a hamadar Aljeriya tsakanin 1960 da 1966, huɗu a sarari a Reggane, 13 a ƙarƙashin dutse a In Ekker? Abin ya fusata Najeriya har ta katse hulɗar jakadanci da Faransa a Janairun 1961, tana da wata uku da samun 'yanci.

Shin ko kun san cewa Hulk na farko toka-toka ne? Injin buga mujalla ya kasa fitar da launin daidai a kowane shafi, sai aka mayar da shi kore tun daga fitowa ta biyu.

Ma'aunin da kansa

Shin ko kun san cewa tagulla ake nema aka yi kiciɓis da yuraniyom a Nijar? A 1957 ne masu binciken ƙasa na Faransa suka gano shi a Azelik, wajen Ingal. Aka kafa kamfanin SOMAIR a 1968, aka gina garin Arlit saboda shi, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas, haƙa ta kankama a 1971. COMINAK ta biyo baya, ta fara fitar da kaya a 1978 daga ramin Akouta mai zurfin kusan mita 250, garin Akokan ya tashi a gefenta.

Shin ko kun san cewa an rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, kwana 12 bayan fara haska The Falcon and the Winter Soldier? Ta fitar da kimanin tan 75,000 na yuraniyom a rayuwarta, ta bar tsibin dusar ma'adini mai tiriri da ya kai wajen tan miliyan 20 a bakin gari.

Shin ko kun san cewa a 2022 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗanyen yuraniyom da Tarayyar Turai ta saya daga Nijar ya fito, alhali a cikin ƙasar kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki? Wutar da ke juya injinan haƙar ma ba ta nukiliya ba ce, gawayin SONICHAR ne na Cirozerin. Hausawa na cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu. A nan wani ke gudun, wani ke cin zomon.

Shin ko kun san cewa tiriri na gaske ba dare ɗaya yake aiki ba? A fim, haske ya walƙa, jarumi ya farka da ƙarfi. A rami kuwa iskar radon ce, ba ta da launi ba ta da wari, tana shiga huhu kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, ga ƙura, ga ruwan sha. Cibiyar CRIIRAD ta Faransa ta zo Arlit a Disamban 2003 ta tarar da gurɓatattun ƙarafan kamfani ana sayarwa a kasuwa. Greenpeace ta auna wani wuri a titin Akokan a Nuwamban 2009 ta sami tiriri da ya ninka na al'ada kusan sau 500. Kamfanin Areva mai ramukan, wanda ya koma Orano a 2018, ya dage cewa yana bin ƙa'idojin kariya na duniya.

To, ga jerin, daga na baya zuwa na gaba.

Na 10: Secret Invasion (2023)

Shin ko kun san cewa an ruwaito kashe fiye da dala miliyan 200 kan kashi shida na wannan fim, amma masu sharhi suka ajiye shi a sahun baya na fina-finan Marvel a Disney+? Samuel L. Jackson yana farautar wasu halittu masu rikiɗa da suka ɓuya a wata tsohuwar tashar nukiliya ta Rasha, suna ƙulla ƙarya don su haɗa manyan ƙasashe yaƙi. Nijar ta ga irin wannan a zahiri. Takardun jabu suka ce ta yarda ta sayar wa Saddam Hussein tan 500 na yuraniyom. An turo tsohon jakada Joseph Wilson Yamai a Fabrairun 2002, ya koma ya ce da wuya maganar ta zama gaskiya. Duk da haka George Bush ya ambaci yuraniyom na Afirka a jawabinsa na Janairun 2003, hukumar nukiliya ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tabbatar takardun na bogi ne a Maris, kuma cikin watan aka afka wa Iraƙi. Labarin gaskiya ya fi na fim ɗin tayar da hankali nesa ba kusa ba.

Na 9: She-Hulk: Attorney at Law (2022)

Shin ko kun san cewa ta jini lauya Jennifer Walters ta ɗauki ƙarfin? Hatsarin mota ya haɗa jininta da na ɗan'uwanta Bruce Banner, wato Hulk. Tatiana Maslany ta iya barkwanci, kashi tara ɗin suna da saurin kallo, sai dai fim ɗin ya mayar da gurɓatar jini abin kwalliya: ta ƙara tsawo, ta ƙara suna, ta sami sabon aiki. Mai ciwo ɗaya ba a gani ba.

Na 8: Moon Knight (2022)

Shin ko kun san cewa ɗan Masar, Mohamed Diab, shi ya ba da umarnin yawancin kashi shidan, amma ba a Masar aka ɗauke su ba? A Budapest aka gina titunan Alƙahira, rairayin kuma na Wadi Rum ne a ƙasar Jodan. Oscar Isaac ya yi bajinta a matsayin mutum mai rabuwar hankali. Labarin ya dogara kan gumakan Fir'aunawa, abin da mai kallo Musulmi zai ɗauka a tatsuniya zalla. Hamada ta fito kyakkyawa, mutanen cikinta kaɗan aka nuna.

Na 7: The Falcon and the Winter Soldier (2021)

Shin ko kun san cewa wanda ya fi taɓa zuciya a fim ɗin ba sunansa ke kan allo ba? Isaiah Bradley ne, wanda Carl Lumbly ya fito a matsayinsa: baƙin soja da aka gwada maganin ƙarfi a jikinsa, ya yi wa ƙasarsa yaƙi, aka saka masa da shekara 30 a kurkuku, aka shafe sunansa. An gina shi kan abin da ya faru a Tuskegee, inda hukumar lafiyar Amurka ta bar ɗaruruwan baƙaƙen fata da ciwon tunjere daga 1932 zuwa 1972 don kawai ta ga yadda cutar ke cin jiki. Da sauran labarin ya kai wannan ƙarfi, da ya shiga ukun farko.

Na 6: Ms. Marvel (2022)

Shin ko kun san cewa Kamala Khan ce Musulma ta farko da Marvel ta ba wa fim nata na kanta? Iman Vellani, 'yar Kanada mai asalin Pakistan, ba ta taɓa fitowa a babban fim ba kafin nan. Akwai masallaci, akwai bikin Sallah, akwai uwa mai sa ido da yayan da ke shirin aure, sannan labarin ya koma rabuwar Indiya da Pakistan ta 1947. Masu sharhi sun yaba shi fiye da yawancin 'yan'uwansa. Rauninsa miyagun ciki, waɗanda ba su da kaifi.

Na 5: The Incredible Hulk (1977 zuwa 1982)

Shin ko kun san cewa babu kwamfuta a jikin wannan Hulk? Lou Ferrigno ne, mai ɗaga ƙarfe da ya rasa yawancin jinsa tun yana ƙarami, ake shafe shi da koren fenti na sa'o'i. Bill Bixby ya fito a matsayin Dakta David Banner, wanda ya yi wa kansa tiriri fiye da kima a ɗakin gwaji. Mariette Hartley ta ci kyautar Emmy a 1979 saboda rawar da ta taka a ciki. Tsoho ne, kuma ba ya cikin dunƙulallen labarin Marvel na yanzu, amma shi ne ya ɗauki tiriri a matsayin ciwo. Banner yana yawo gari-gari da 'yar jaka, yana leburanci da sunan aro, neman magani kawai yake yi. Duk tsohon ma'aikacin rami zai gane wannan mutum.

Na 4: Loki (2021 da 2023)

Shin ko kun san cewa akwai haifaffiyar Zariya a cikinsa? Wunmi Mosaku, wadda ta fito a matsayin Hunter B-15, a Zariya aka haife ta a 1986, iyayenta suka koma Manchester ta Ingila tana jaririya, kuma ta ci kyautar BAFTA a 2017. Tom Hiddleston ya faɗa hannun wata hukuma mai tsare lokaci, wadda ke shafe duniyoyi sukutum da sunan zaman lafiya, ma'aikatanta ba su ma san an sato su daga rayuwarsu ba. Zango biyu, kashi 12, da ƙarshe mai ma'ana: mai ƙarfin ne da kansa ya ɗauki nauyin.

Na 3: WandaVision (2021)

Shin ko kun san cewa shi ne ya buɗe wa Marvel Studios ƙofa a Disney+, ranar 15 ga Janairu 2021, kuma kashinsa na farko baƙi-da-fari ne, an ɗauke shi a gaban 'yan kallo kamar wasannin talabijin na da? Ya shiga takarar Emmy a rukuni 23, ya ci uku. Abu biyu suka kawo shi nan. Na farko, baƙin cikin mace ɗaya mai ƙarfi ya mayar da mutanen gari guda bayi, kuma fim ɗin ya bar su sun faɗi wahalarsu da bakinsu. Na biyu, gawar Vision, masoyin matar, ta zama abin rigima, saboda hukuma ta ce ƙarfen vibranium da ke jikinsa dukiyarta ce.

Na 2: X-Men '97 (2024)

Shin ko kun san cewa zane ne, kuma ci gaban wanda aka haska daga 1992 zuwa 1997? Kashi 10 ne a zangon farko. Na biyar ya nuna kisan kiyashi a Genosha, tsibirin ƙage a gaɓar gabashin Afirka, wanda marubuta suka ƙirƙira a 1988 don yin habaici ga mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu, domin Genosha ƙasa ce da ta gina arzikinta kan bautar da masu baiwa. Storm, ɗaya daga jaruman, wadda mahaifiyarta 'yar Kenya ce, a mujalla ta ratsa Sahara da ƙafa daga Alƙahira. Kada zanen ya ruɗe ku, wannan ba na ƙananan yara ba ne.

Na 1: Daredevil (2015 zuwa 2018)

Shin ko kun san cewa fim ɗin makahon jarumi ya fito a Afrilun 2015 ba tare da muryar bayani ga makafi ba? Masu fafutuka suka yi ca, cikin kwanaki Netflix ta ƙara ta, ya zama na farko a fina-finanta da ya sami wannan gata. Zango uku, kashi 39. Charlie Cox lauya ne da rana, mai rufe fuska da dare, yana kare 'yan haya da leburori daga Wilson Fisk na Vincent D'Onofrio, attajirin da ke rushe unguwa yana cewa gyara yake yi. Faɗan lungu na kashi na biyu an nuna shi tamkar ɗauka guda babu yanka, jarumin yana haki yana jingina da bango. Sinadarin da ya zuba a titi ya ba shi kaifin ji, amma idanun ba su dawo ba. Ana ɗinke shi, yana zubar da jini, yana zuwa wurin limamin cocinsa da tambayar ko abin da yake yi halal ne. Ya dawo a Daredevil: Born Again a Maris 2025, sai dai tsohon ne ke riƙe da kambun.

Shin ko kun san cewa wanda ya fi kowa tsawo, Agents of S.H.I.E.L.D., ya yi zango bakwai da kashi 136 daga 2013 zuwa 2020? Shi da Jessica Jones, mai kyautar Peabody, da Luke Cage sun tsaya a bakin ƙofar jerin. Inhumans na 2017 kuwa ko haska shi a manyan allunan IMAX bai cece shi ba, kashi takwas aka yi aka rufe.

Wakanda da Abzin

Shin ko kun san cewa Wakanda ta fara bayyana a mujalla a 1966, shekara biyu kafin kafa SOMAIR? Ƙasa ce ta ƙage a Afirka mai ƙarfen da duniya ke kwaɗayi, bambancinta ɗaya: ita ke haƙa, ita ke sarrafawa, ita ke yanka farashi. Na Arlit kuwa shekaru da dama garin yuraniyom mai launin rawaya aka riƙa loda wa manyan motoci, su bi ta Tawa zuwa Kwatano, jirgin ruwa ya kai shi Faransa a tace.

Shin ko kun san cewa akwai Abzin a cikin Black Panther na 2018? Ruth Carter, wadda ta ci Oscar a 2019 saboda suturar fim ɗin, daga Abzinawa ta aro shigar ƙabilar fatake, da baƙin shuni da azurfa. Gine-ginen birnin kuma suna da itatuwa masu leƙowa daga bango irin na masallatan Tumbutu, salon da ke jikin hasumiyar masallacin Agadas mai mita 27.

Shin ko kun san cewa wani fim na Marvel ya taɓa fusata gwamnatin Faransa? A Wakanda Forever na 2022, sojojin haya na Faransa sun kai farmaki wata cibiyar Wakanda a Ansongo ta Mali don satar vibranium, aka kama su aka gurfanar a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. A Fabrairun 2023 ministan tsaro Sébastien Lecornu ya fito fili ya yi tir da yadda aka nuna sojan ƙasarsa. Eyes of Wakanda, zane mai kashi huɗu da ya fito a Agustan 2025, shi ma kan dawo da kayan vibranium da aka sace yake.

Shin ko kun san cewa abin da ya biyo baya a Nijar ya wuce fim? Gwamnatin soja ta ƙwace lasisin haƙar yuraniyom na Imouraren daga Orano a Yunin 2024, kamfanin ya ce ya rasa iko da SOMAIR a Disamba, kuma a Yunin 2025 aka mayar da ita mallakar ƙasa, Orano ta garzaya kotun sasanta rikicin jari ta duniya. Kafin nan kashi 63.4 cikin ɗari na hannun Orano, 36.6 na SOPAMIN ta gwamnatin Nijar. Mallaka ta sauya hannu, tsibin dusa bai motsa ba, kuma yuraniyom 238 sai ya shekara biliyan 4.5 kafin rabinsa ya narke.

Shin ko kun san cewa Arlit na da nata fina-finan? Idrissou Mora-Kpaï, ɗan Benin, ya yi Arlit, deuxième Paris kan garin bayan faɗuwar farashi. Amina Weira, 'yar tsohon ma'aikacin rami, ta fitar da La colère dans le vent a 2016, tana bin mahaifinta da abokan aikinsa da kyamara. Almoustapha Alhacen, ma'aikacin kamfanin da ya kafa ƙungiyar Aghir In'man don bin kadin lafiyar jama'a, ya karɓi kyautar Nuclear-Free Future a 2017.  Furodusoshin Kano da Yamai, ga labari yana jiran ku.

Wanda bai yarda da jerinmu ba, ya kawo nasa da hujja. Sai fitowa ta gaba.